Neman kayan ƙafar tsohuwar Peugeot 504 a Maraɗi

Mai Gadon 504:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wato Peugeot 504 salun ƙirar Faransa ta shekarun 1970, wadda ya saya a hannun wani ma'aikacin gwamnati tun kafin a karya darajar sefa a 1994. Bayan rasuwarsa ta daɗe a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na unguwar Zariya, har kaji suka mai da inuwarta wurin hutawa, kuma da aka zo rabon gado ni da bakina na roƙi a sa ta cikin rabona. Injin bai wahalar da mu ba, domin da muka sauya baƙin mai da batir, muka wanke tanki da kafireto, sai ta tashi. Ƙafa ce ta tsaya mini a wuya.

Makonni uku da suka wuce na ɗauki mahaifiyarmu zuwa wani ƙauye bayan Tibiri. A kan gudron lafiya lau, amma da muka sauka kan burji sai ƙafar gaba ta dama ta fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a gidan maƙwabta, bayan motar kuma yana ta lilo ko da an wuce ramin, har Hajiya ta riƙe ƙofa tana salati. Idan an ajiye ta a fili, gefen hagu na baya ya fi na dama sunkuyawa da kamar yatsa biyu. Na aiki wani abokina ya sayo mini amortisa biyu na baya, wato abin da ke hana mota lilo, daga ƙetaren iyaka, mai kantin ya rantse masa cewa na 504 ne, amma da aka kwance tsofaffin aka jera su a ƙasa sai ga shi tsawonsu ba ɗaya ba ne, kawunansu ma ba iri ɗaya ba. Yaran garejin suka ce a yanke a yi walda, na ce a mayar mini da tsofaffin. A ina ake samun kayan ƙafar wannan mota na gaske a yanzu, kuma da me ya kamata in fara don kada in sake zubar da kuɗi?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gaje shi da alheri. Ɗana, kuskurenka na farko shi ne aike. Na yi shekaru ina jan 504 familiyal a layin Maraɗi zuwa Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kuma ban taɓa sayen ƙarfen ƙafa ba sai tsohon yana cikin buhu a hannuna. Zuwa da kai ya fi aike. Ka kwance abin da ya lalace, ka wanke shi da kananzir, ka tafi da shi Ƙofar Ruwa a Kano, ka aza shi a kan tebur kusa da sabon. Idan ba a samu a can ba, masu kantunan suna da abokan ciniki a Ladipo ta Legas da kuma Nnewi, sannan a Panteka ta Kaduna akwai masu kwance. Ka tuna cewa a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma an ci gaba da yin 504 a can fiye da shekara ashirin bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa a 1983, saboda haka ƙarfenta bai ƙare a Najeriya ba.

Sai kuma batun harshe, wanda ya fi ƙarfin mutane da yawa. Abin da muke kira amortisa a nan, shok suke ce masa a can. Resor ɗinmu shi ne sifirin a bakinsu, silambulok, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, bushin ne, rotil kuwa, wato gaɓar ƙarfe mai dunƙulallen kai da ƙafar ke juyawa a kanta, bol-jon. Familiyal wagon ce, bashe kuma a-kori-kura. Na taɓa ganin wani mutumin Dakoro ya yi rabin yini yana neman rotil, ana yi masa kallon mai cigiyar maganin gargajiya, alhali abin yana rataye a ƙusa bisa kansa.

Maigidan Gareji:
Baba direba ya faɗi gaskiya a kan ɗaukar tsohon ƙarfe, amma ina roƙon a dakata da tafiya tukuna, domin ina zaton mai kantin nan bai yi rantsuwar ƙarya ba. Na 504 ya bayar, sai dai 504 ba ɗaya ba ce. A gaba tsarin kusan ɗaya ne, wato doguwar ƙafa mai amortisa a cikinta da resor nannaɗe a kanta. A baya ne aka rabu. Bashe tana da resor falle-falle irin na manyan motoci. Familiyal, wadda ta fi salun tsawo, tana da aksil guda miƙaƙƙe da nannaɗaɗɗun resor huɗu, biyu a kowane gefe, saboda kaya. Salun kuwa iri biyu ce: akwai mai aksil guda, wadda aka fara fitarwa a 1973 a matsayin mai sauƙin kuɗi, akwai kuma ta asali wadda ta fito a 1968, wadda kowace ƙafarta ta baya take hawa da sauka ita kaɗai a kan nata hannun ƙarfe. Mafi yawan waɗanda suka shigo garejina a tsawon shekarun nan masu aksil guda ne, shi ya sa idan ka ce wa mai kanti 504 ka yi shiru, nasu zai miƙo maka ba tare da ya tambaye ka komai ba.

Don haka, ƙanena, ka shimfiɗa tabarma ka leƙa ƙarƙashinta daga baya, ka gaya mana abin da ka gani. Ƙarfe guda ne ya taso daga wannan taya zuwa waccan, ko kuwa sanduna biyu ne masu roba kamar zugazugi suka fito daga tukunyar tsakiya? Ka duba birkin baya kuma, ganga ne ko faifai?

Mai Gadon 504:
Na leƙa da fitilar waya, maigida, har rigata ta sha ƙasa. Sanduna biyu ne, kuma robar ɗaya daga cikinsu ta tsage, giris ya fantsama ko'ina. Birkin baya faifai ne. Da na matsa gaba kuma na ga baƙin mai ya jiƙe ƙarafan da ke ƙarƙashin injin ta gefen dama, ya haɗu da ƙura ya zama kamar laka.

Maigidan Gareji:
To, ga amsarka ta fito. Taka ta asali ce, abin da aka sayo maka kuwa na mai aksil guda ne, kuma Allah ya taimake ka da ka hana walda, domin amortisa da ya gaza tsawo shi zai riƙa fizgar ƙafa duk lokacin da taya ta faɗa rami, wanda ya wuce tsawo kuma zai riƙa dukan gindinsa har ya fashe. Kada ka jefar da su, za a sami mai buƙata.

Ƙwanƙwasar gaba kuwa ban yarda amortisa ba ne sai na gani. Sau da yawa akan kawo mini mota da sabon amortisa a kwali, a ƙarshe mu tarar roba ce ta ƴan kuɗi kaɗan take wannan ƙarar. Ka sa a ɗaga ƙafar dama da jak, a tokare motar da kututture, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta yana dogaro da jak kaɗai. Ka kama taya hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ka girgiza, idan ta yi wasa to ko rotil ɗin ƙasa ne ko boris ɗin da taya ke juyawa a kansa. Ka kama ta hagu da dama, idan ta yi wasa to kan sandar sitiyari ne. Daga nan a sa ƙarfen cire taya a ɗan banƙare kowane silambulok, har da ƙananan da ke riƙe sandar da take hana mota kwanciya a kwana, domin su ne suka fi kowa surutu a kan gargada. Lakar da ka gani ita ta fi damuna, saboda man injin yana cin roba, ya kumbura ta ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Idan ba a toshe inda yake yoyo ba, sabon silambulok ɗin ma haka zai koma.

Malamin Kanikanci:
Na koyar da wannan fanni a makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa kafin in yi ritaya, kuma ina so in raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, tun da duka biyun sun bayyana a bayanin ɗanmu. Resor shi ke ɗaukar nauyin mota. Amortisa ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, aikinsa shi ne ya hana resor ci gaba da lilo, ta hanyar tilasta wa mai ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi a cikinsa. Saboda haka lilon da ya firgita Hajiya laifin amortisa ne, amma sunkuyawar gefen hagu laifin resor ne ko robar da yake zaune a kanta, kuma ko sabon amortisa goma aka sa ba za su ɗaga ta ba.

Idan za a nemi resor, ido ba ya isa. A auna tsawonsa idan yana sake, a auna faɗin da'irarsa, a ƙirga zagayensa, sannan a auna kaurin ƙarfen da aka nannaɗe, kuma wannan na ƙarshe da ma'aunin milimita za a yi shi, ba da zare ba. Dalili kuwa shi ne, a lissafin taurin resor ana ninka kaurin ƙarfen a kansa har sau huɗu. Idan ɗaya milimita 12 ne, ɗaya kuma 13, sauran komai ɗaya, na biyun zai fi na farkon tauri da kusan kashi 38 cikin ɗari, alhali idan aka jera su a ƙasa mutum zai rantse tagwaye ne. Ana sauya su biyu-biyu, hagu da dama, kuma ba a gasa resor da wuta don a miƙa shi, domin wuta tana kashe horon da aka yi wa ƙarfen. Wanda zai cire na gaba ya yi amfani da ƙarfen matse resor, kada ya ɗaure shi da waya ko igiya, domin idan ya kuɓuce ba ya tambayar fuskar wa ke gabansa.

Game da amortisa na gaba, ina da ra'ayi mai ƙarfi. Peugeot tana cikin kamfanonin da suka riƙa ƙera amortisa nasu da kansu, kuma na gaban 504 an yi shi ne don a buɗe a gyara. Akwai babban noti a bakin bututun, a kwance shi, a zubar da tsohon man, a wanke ciki, a sauya sil, wato robar da ke hana man yoyo, a zuba sabon mai daidai awon da littafin motar ya faɗa. Sharaɗin ɗaya ne, sandar nan mai sheƙi ta kasance ba tsatsa ba karce. Ka bi ta da farce daga sama zuwa ƙasa, idan farcenka bai maƙale ba, to abin da ke jikin motar mahaifinka ya fi mafi yawan abin da za a sayar maka a kwali.

Mai Kanti:
Malam, ranka ya daɗe, a takarda maganarka ba ta da gyara, amma wa zai ba shi sil ɗin? Na daɗe ban ga na gaske ba, kuma idan aka sa wanda bai zauna daidai ba, cikin wata guda man zai tsiyaye a koma gidan jiya, ga kuɗin aiki sau biyu. Akwai kartush, wato cikakken amortisa da ake zurawa cikin wannan bututun a ɗaure da noti, kuma shi ne abin da zan ba ɗan'uwana na jini shawara ya sa.

Ba na musun cewa jabu ya yi yawa. Ni kaina an taɓa kawo mini katan guda mai kyakkyawan kwali da hatimi, na sayar wa mutanen da suka yarda da ni, kafin damina ta fita duk suka dawo suna yoyo, na biya daga aljihuna na kuma rabu da wanda ya kawo. Tun daga ranar na daina karanta kwali. Ina duba waldar gindi, ina duba sheƙin sanda, ina jin nauyinsa a hannu. Sannan in tsayar da shi a miƙe in ja in tura sau da yawa, tun da ya daɗe a kwance iska ta shiga inda bai kamata ba. Na kirki yana da nauyin ja fiye da nauyin turawa, kuma ba ya da wurin da hannu zai wuce fayau babu turjiya. Abu guda da nake fama da masu saye a kansa shi ne, idan suka danna amortisa bai taso da kansa ba sai su ce matacce ne. Mai gas ne yake tasowa, mai mai zalla ba ya tasowa ko da yau ya fito daga masana'anta.

Tsohon Direba:
Ina jin ku da milimita da littafi, amma bari in faɗi yadda muka yi, ko da za a yi mini dariya. Idan silambulok ya mutu a hanya, tsohuwar tayar babbar mota muke samu, a yanka, a huda da ƙarfe mai zafi, a cusa. Idan amortisa ya yi sanyi, baƙin mai muke zuba masa ya yi ƙarfi. Na san masu salun da suka sa mata resor mafi tsawo da kauri don ta ɗaga ta ɗauki buhunan gero da wake. Da wannan dabarar muka ciyar da iyali, kuma mota ta je Kano ta dawo.

Malamin Kanikanci:
Alhaji, ba mai yi maka dariya, domin ku kuka riƙe waɗannan motoci a lokacin da babu wanda zai kawo muku komai, kuma robar taya ta fitar da mutane da yawa daga daji. Ni ma zan yarda da ita a ƙananan wurare, kamar robar sandar kwana. Amma silambulok na hannun ƙafa roba ce da aka manne tsakanin bututu biyu na ƙarfe, tana aiki ne ta murɗawa, kuma ita ke tsayar da taya a inda aka auna mata. Yankakkiyar taya ba ta manne da komai ba, sai ƙafa ta riƙa yawo, taya ta cinye ta gefe ɗaya, kuɗin da aka tsimi a roba a biya shi a wurin mai taya. Baƙin mai kuma ya yi kauri ga waɗannan ƙananan ƙofofin, musamman da asubahin hunturu, sai duk dukan hanya ya wuce kai tsaye zuwa mazaunin ƙafar a jikin mota.

Batun ɗaga baya shi ne ya fi haɗari ga wannan motar musamman. A mai aksil guda, ko ka ɗaga ta tayoyin suna nan a tsaye. A irin ta ɗanmu kuwa, da zarar baya ya tashi fiye da ƙa'ida sai tayoyin su karkace, sandunan nan biyu su riƙa aiki a gicciye, robarsu ta tsage da wuri. Kuma shi ba gero zai ɗauka ba, mahaifiyarsa zai ɗauka.

Ɗan Maraɗi a Faransa:
Gaisuwa ga iyaye da ƴan'uwa. Ina zaune a gabashin Faransa, ba nisa da Sochaux inda aka ƙera irin wannan motar. A garin akwai gidan tarihin Peugeot da aka buɗe a 1988, kuma ƙungiyar L'Aventure Peugeot da ke kula da shi tana sayar da kayan tsofaffin motoci, ban da ƴan kasuwa masu zaman kansu da suke sa a sake ƙera robobi. Abin da a gida muke ɗauka tsohuwar taksi, a nan abin ado ne da ake gogewa ranar Lahadi. Duk wanda ka tuntuɓa, tambayarsa ta farko ita ce lambar da ke kan ƙaramin farantin ƙarfe a ƙarƙashin bonet, domin an yi ta sauya ƙananan abubuwa daga shekara zuwa shekara, kuma da wannan lambar ake gane wanne ne naka. Ka goge shi ka ɗauki hotonsa.

Sai dai a yi lissafi kafin a yi murna. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato abin yuro 100 ya kama sefa 65,600 tun kafin kuɗin aike da na duwan. Ƙarfe mai nauyi kamar resor bai cancanci jirgin sama ba, ta ruwa kuma kun fi ni sanin yadda hanyar Kwatano ta kasance tun 2023, da yadda kaya suke zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Shawarata ita ce a nemi ƙarfe a Kano ko Kaduna, roba da sil kuma a bar mini, tun da duka ba su fi cikin aljihun jaka ba. Zan nemi sabuwar ƙira, ba wadda ta shekara talatin a kan kanta ba, domin roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba, balle ta je ta haɗu da zafin watan Afrilu na Maraɗi.

Wani abin kiyayewa ga mai nema ta intanet shi ne, an yi 504 a Ajantina har zuwa 1999, an kuma harhaɗa ta a Kenya. Ta Kenya sitiyarinta a dama yake, saboda haka kayan sitiyarinta ba za su hau taka ba. Ta Kaduna ba ta da wannan matsalar, tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, kafin a buɗe masana'antar.

Matashi Mai Kabu-kabu:
Ku gafarce ni, iyayena, amma idan aka tara kuɗin Kano da na Faransa da na gareji, ba gara Yaya ya sayar da ita ya cika ya sayi ƙaramar mota ta zamani ba? Kayanta suna nan a kowane kanti, kuma ba ta shan mai kamar wannan.

Tsohon Direba:
Yaro, tambayarka ba ta banza ba ce, kuma idan haya zai yi da ita ni ma haka zan ce. Amma ƙafar da muke magana a kanta ita ce dalilin da ya sa motar ta yi suna. An zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, kuma a 1975 ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta ci na Maroko, ta ci na Bandama a Kodibuwa, duk a kan hanyoyin da suka fi na Dakoro muni. Tafiyar ƙafarta doguwa ce, tana haɗiye rami ba tare da na ciki ya sani ba. Ranar da aka gama gyaran nan ka roƙi yayanka ya ɗauke ka a kan burji, sannan ka dawo mu yi maganar sayarwa.

Hajiya daga Tibiri:
Assalamu alaikum. Jikana ne yake karanta mini wannan zance, shi ne kuma yake rubuta mini. Ɗana mai mota, marigayi maigidana ya bar 505 salun a bayan gida, injinta ya mutu tun yana da rai, amma ƙafafunta huɗu suna nan ba wanda ya taɓa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun fi sau nawa suna so su auna ta a kilo, ni kuwa na ƙi, domin ba na son in ga an sassara ta da gatari. Idan akwai abin da zai yi maka amfani a jikinta, ka zo da bakanikenka ku cire, ba na son ko dala. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata na ji labarin salatin da ta yi a hanyarmu.

Maigidan Gareji:
Allah ya saka da alheri, Inna, ya jiƙan Alhaji. Wannan tayin ya fi kuɗi. An fito da 505 a 1979 a kan tsarin 504, kuma bayan salun ɗinta irin na motar ƙanena ne, kowace ƙafa da nata hannu. Duk da haka ba za mu cire komai ba sai mun auna, domin 505 ta ɗan fi faɗi, kuma abubuwa da yawa suna kama da juna ba tare da sun zama ɗaya ba. Robobinta kuma sun tsufa kamar naka, ƙarfe kawai za mu duba.

Kafin ka tafi Kano, ƙanena, ka kawo ta in ga rotil ɗin ƙasa, domin shi ma iri biyu ne. Na farkon ana buɗe shi a sauya kofunan da ke ciki a sa giris, na baya kuwa guda ne mai zare da ake ɗaurawa a gindin ƙafar, kuma ɗaya ba ya shiga wurin ɗaya. Idan an zo ɗauri kuma ka tsaya a kan yaran, kada su ƙarasa ɗaure notin silambulok mota tana rataye a jak. Sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe tun kafin a tashi, ta yage cikin ƴan watanni. Bayan an gama duka a kai ta a daidaita tayoyin gaba.

Mai Gadon 504:
Iyayena, ga inda aka kwana bayan mako biyu. Ƙwanƙwasar gaba ta fito daga wuri biyu, ƙananan robobin sandar kwana da suka narke saboda mai, da kuma rotil ɗin dama, wanda ya kasance irin na farko mai buɗewa. An toshe yoyon injin. Mun buɗe amortisa na gaba kamar yadda Malam ya so, na hagu sandarsa sumul, amma na dama farcena ya maƙale a wuri uku inda tsatsa ta ci, saboda haka muka sa kartush a duka biyun daga wurin Alhaji mai kanti. Na hagun na naɗe shi a tsumma mai mai na ajiye, ban yarda a jefar ba.

A baya kuwa, da aka sauke resor ɗin hagu aka kankare ƙasar da ta daskare a mazauninsa, sai ga zagayensa na ƙarshe a karye, guntun yana kwance a ciki ya yi tsatsa, alamar ya daɗe haka, wataƙila tun Baba yana tuƙa ta. Mun je Tibiri, Inna ta karɓe mu da fura, amma da muka auna resor ɗin 505 awon bai zo ɗaya da nawa ba, sai muka bar su, muka ɗauko wasu notuna da ƙusoshi da suka fi nawa lafiya. Daga nan na bi maganar Baba direba, na sa resor ɗin dama da tsohon amortisa a buhu na tafi Kano. A kanti na huɗu na sami amortisa biyu da suka yi daidai, wani mai kwance kuma ya fito mini da resor biyu daga salun irin tawa, na auna su da ma'aunin da Malam ya ara mini. Yanzu tana tsaye daidai, lilon ma ya tafi. Abin da ya rage shi ne kofunan rotil na tsohon yayi, da silambulok na hannun gaba, da robar sandar baya da ta tsage, domin waɗanda na gani a kasuwa ban yarda da su ba. Yaya na Faransa, na turo maka hoton farantin.

Ɗan Maraɗi a Faransa:
Hoton ya iso kuma lambar ta fito sarai. Na sami silambulok ɗin da robar sandar, kofunan rotil ne nake jiran amsar mai su. Wani ɗan unguwar Bagalam zai taso gida ƙarshen wata, in sha Allahu zan ba shi ya taho da su.

Maigidan Gareji:
Kafin su iso, ƙanena, ka tsaya cikin gari da ita, ka bi a hankali, kuma kada ka ɗauki Hajiya zuwa ko'ina a kan burji da wannan rotil ɗin. Robar sandar da ta tsage na ɗaure ta da tsohon tib don ƙasa kada ta shiga, amma ba za ta wuce ƴan kwanaki ba. Ranar da kayan suka zo ka kawo ta da sassafe, kafin rana ta gasa ƙarfe.